Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darajar Tsohuwar Mota a Ƙasar Haɗeja

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana a tashoshin mota da garejin makanikai da majalisun dattawa a ƙasar Hausa, wadda har yau ba a sami mai raba ta ba, watau tsakanin motar dā da motar zamani wacce ta fi. Masu goyon bayan ta dā sukan ce ƙarfe ya ƙare tun daga kan Peugeot 504, duk abin da ya biyo bayanta gwangwani ne da roba. Su kuwa samari masu sha'awar ta zamani sai su kwashe da dariya, su ce wannan magana ce ta wanda aljihunsa bai kai ba, ya ga abu ya fi ƙarfinsa ya koma kushe shi. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in jefa nawa ra'ayin cikin gardamar, in kuma tsayar da ita a kan ƙasar Haɗeja da fadamunta, domin ba a yanke wa mota hukunci sai an dubi ƙasar da take takawa da mutanen da take yi wa bauta. Na san wani daga cikin malamaina zai ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan Sashen Hausa da zancen baƙin mai da sifana? Ina roƙon ya yi mini haƙuri, in Allah ya yarda za mu iso wurin.

Kafin a yi nisa ya kamata a rarrabe abin da ake magana a kansa, don sau da yawa masu gardamar nan kowa da inda ya dosa. Akwai mota sabuwa dal wadda aka ɓare daga leda, ita kam a yanzu sai gwamnati da manyan 'yan siyasa da attajirai. Akwai kuma gwanjo, wadda wasu ke kira 'yar Kwatano ko 'yar Beljiyam, watau motar da wani Bature ya hau shekara goma ko fiye ya gaji da ita, aka loda ta a jirgin ruwa aka kawo mana. Mafi yawan abin da talaka ke kira sabuwar mota daga wannan aji yake, kamar su Golf da Sharan ɗin da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Haɗeja ta Gujungu. Wadda nake nufi da tsohuwar mota daban take da waɗannan. Ita ce wadda ta shigo ƙasar nan tana sabuwa, ko ma a nan gida aka harhaɗa ta, ta tsufa a hannunmu, ta ga jiya ta ga yau: Peugeot 404 da 504 waɗanda Bahaushe ya raɗa wa suna Fijo, da Land Rover, da ƙaramar Volkswagen mai siffar kunkuru, da manyan motocin kaya irin su Bedford da Mercedes-Benz 911.

A ƙasashen Turai sha'awar irin waɗannan motoci tsohuwar al'ada ce mai ƙungiyoyi da bukukuwa. A Ingila kowace shekara cikin watan Nuwamba ana jera motocin da aka ƙera kafin 1905 su tashi daga Landan zuwa garin Brighton a bakin teku, jama'a na tsaye gefen hanya suna kallo. Dokar ƙasar ma ta yafe wa motar da ta haura shekara 40 harajin hanya. A watan Mayu na 2022 an yi gwanjon wata Mercedes-Benz ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, kuɗin da ba a taɓa sayen wata mota da shi ba kafin nan. Amma wannan duk sha'awa ce ta wanda ya ƙoshi. Bature mai tsohuwar mota yana da wata sabuwa da yake zuwa aiki da ita, tsohuwar kuwa tana lulluɓe a gareji, sai ranar hutu ya fito da ita ya goge ya ɗan zaga gari. In ana neman inda ya fi kama da namu, sai a dubi tsibirin Kuba, inda bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta sa musu, mutane suka ci gaba da lallaɓa motocin Amurka na shekarun 1950 suna haya da su, domin ba su da wata hanyar samun sababbi. Da mu da su, larura ce ta fara haɗa mu da tsohuwar mota, ƙauna daga baya ta biyo.

Mota ba ta iso ƙasar Haɗeja ta tarar da fili ba kowa ba. Ta tarar da doki da jaki da raƙumi a tudu, da kwalekwale a kan kogi. Hanyar jirgin ƙasa da aka shimfiɗa daga Kano ta isa Nguru a 1930, ta bi ta Malam Madori ta bar birnin Haɗeja a gefe, saboda haka aikin manyan motoci na farko a wannan yanki shi ne kwasar gyaɗa da fatu daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi. Ƙaramar mota kuwa a zamanin En'e sai gidan sarauta da manyan ma'aikata, talaka ganinta kawai yake in an zo rangadi. Wanda ya ci karo da mota mai sitiyari a hannun dama a wani tsohon gida, to ya tsaya ya dube ta da kyau, domin mai yiwuwa ta girmi ranar 2 ga Afrilu 1972, ranar da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Irin wannan mota da fam da sule aka saye ta, tun da Naira ba ta fito ba sai ranar 1 ga Janairu 1973.

Shekarun 1970 su ne suka sauya al'amarin baki ɗaya. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnatin tarayya ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai aka kafa masana'antun harhaɗa motoci: Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Ikko, waɗanda suka fara aiki a 1975, sai Leyland a Ibadan, da Steyr a Bauci, da Fiat a Kano, da Mercedes-Benz a Inugu. A daidai lokacin ne aka yi ƙarin albashin nan na Udoji, ga kuma bashin mota da ake ba ma'aikacin da ya kai wani matsayi, a riƙa cirewa a albashinsa kaɗan-kaɗan. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, ta mai da Fijo motar manyan jami'an gwamnati. Ta haka 504 ta zama motar kwamishina da alƙali da shugaban makarantar sakandare, ta kuma zama motar haya a tasha, ta zama a-kori-kura mai kai kaya kasuwar ƙauye. Faransa ta daina ƙera mai ƙofa huɗun a 1983, amma Kaduna ba ta daina harhaɗa ta ba sai da aka shiga ƙarni na 21 da 'yan shekaru. Ke nan duk wanda ya ga tsohuwar 504 a wani lungu na Haɗeja, yana kallon shaidar wani zamani ne da malamin makaranta a ƙasar nan yake iya sayen mota sabuwa, wadda hannun 'yan'uwansa ya ɗaura wa taya a Kakuri. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa a daina kiranta tarkace.

To amma tarihi kaɗai ba ya tura mota. Me ya sa waɗannan motoci suka daɗe a wannan yanki har suka shiga zukatan direbobi? Amsar tana cikin ƙasar kanta. Ƙasar Haɗeja fuska biyu gare ta, kowace kuwa abokiyar gabar mota ce. Akwai jigawa, tudun rairayi mai cafke taya da rani, wadda jihar ma ta samo sunanta daga gare ta sa'ad da aka cire ta daga Kano ranar 27 ga Agusta 1991. Akwai kuma fadama mai baƙar laka, wadda da damina takan zama taɓo mai santsi kamar sabulu, da rani kuma ta bushe ta tsattsage ta bar sawun shanu da na amalanke masu tauri kamar dutse. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin Haɗeja ta sauya, ciyawar kacala ta toshe rassa da yawa, ruwa ya riƙa bin inda ba hanyarsa ba, har ya kwanta a kan gonaki da hanyoyi. Wanda ya san ƙauyukan Guri da Kiri Kasamma da Auyo ya san akwai wuraren da kwalta ba ta taɓa zuwa ba, ga shi kuwa can ne kifi da shinkafa da tattasai suke.

Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamar don irin wannan ƙasa aka yi ta. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta na da sakewa sosai ta yadda za ta faɗa rami ta fito ba ta doki ƙasa ba, kuma da tayoyin baya take ja, don haka in an danne ta da kaya sai ma ta ƙara kama ƙasa. Ba a banza ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1975 ba, gasar da ake yi a cikin laka da ƙura. Land Rover kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1948, da ma don manoman Ingila aka yi ta, tana ja da tayoyi huɗu, jikinta na gorar ruwa ne ba ya tsatsa. Ƙananan motocin zamani yawancinsu an zana su ne don titin Turai da Japan mai laushi. An kwantar da su ƙasa don su rage shan mai, an sa musu bamba ta roba, da ka sauka daga kwalta ka shiga hanyar shanu za ka ji cikin motar yana gurzar ƙasa. Gaskiya ne akwai sababbin motoci masu ƙarfi, irin su Toyota Hilux, waɗanda za su shiga duk inda Land Rover ta shiga har su wuce, amma sai a tambayi manomin tattasai na Auyo ko buhu nawa zai sayar kafin ya taɓa sitiyarin ɗaya daga cikinsu.

Babban dalilina kuwa, wanda a kansa na fi so mai karatu ya tsaya, shi ne maganar gyara. Tsohuwar mota duk abin da ke cikinta ido na gani, hannu na taɓawa. Mai yana bi ta kabireta ya gauraya da iska, wuta tana fitowa daga kwayil ta bi ta dilko ta isa fulogi, fanbel yana juya fanka, fanka tana sanyaya lagireto. Yaron da ya yi shekara biyu a gareji ya san wannan tafiya kamar yadda ya san hanyar gidansu. Gogaggen makanike yakan kasa kunne kawai, ko ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka ciwon da ke ciki. In mota ta mutu a tsakiyar daji, direba da karen mota su kwance kabireta su wanke da fetur su busa da baki su mayar, ko su goge kwantak da 'yar takarda mai kaushi, a tura ta tashi. In wani ƙarfe ya karye, mai walda zai ɗinke shi, in ya gagara a aika Ƙofar Ruwa a Kano, in ma babu shi a kasuwa maƙeran Fanteka a Kaduna za su zuba wani.

Motar zamani ba ta yarda da wannan ba. Wata 'yar na'ura ce da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota take auna mai da iska da lokacin tashin wuta, tana karɓar labari daga wasu ƙananan na'urori da aka dasa ko'ina a jikin inji. In ɗaya ta sami matsala sai fitila ta kunnu a gaban direba, motar ta ƙi tashi ko ta riƙa tafiyar hawainiya, ba kuwa mai sanin abin da ya faru sai an kawo kwamfuta an jona. In an gano ma, ba gyarawa ake yi ba, cirewa ake a jefar a sayo wata, da kuɗin da ke bin farashin Dala. A ambaliyar 2020 da ta 2022, waɗanda suka yanke hanyoyi da dama a masarautar Haɗeja, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. In ruwa ya shiga can cikin inji, tsohuwa da sabuwa duk sun kwanta, wannan ba gardama. Amma in wayoyin wuta kawai ya jiƙa, mai tsohuwar Fijo tsumma zai sa ya goge dilko ya jira rana ta busar, shi kuwa mai motar zamani yana iya rasa ƙwaƙwalwar motar ɗungum.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Ni a ra'ayina, abin da ba ka iya gyarawa a garinku, kuma ba wani ɗan garinku da ya iya, to rabinsa aro ne ko da takardun da ke hannunka sun ce naka ne. Mai tsohuwar mota mallakarsa cikakkiya ce, domin ilimin motar yana nan a unguwarsu, a kan makanike da mai walda da mai gyaran wuta da mai faci, kuɗin gyaran kuma a nan garin yake zagayawa ya ciyar da yaran da ke koyon sana'a. Wannan ita ce sha'awar tsohuwar mota a wurinmu, kuma ta sha bamban da ta Bature mai goge fenti ranar Lahadi. A yi la'akari da ɗan kasuwar da ya ɗauko ɗanyen kifi daga bakin ruwa zai kai kasuwar kifi ta Haɗeja, ko ya lodo tumatir cikin zafin bazara. In mota ta tsaya masa, ba kyanta ne ke gabansa ba, abin da yake so ya sani shi ne ko za ta tashi kafin kayan su lalace.

Duk da haka ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Masu kushe tsohuwar mota suna da hujjoji, wasu daga ciki ma ba ni da amsarsu. Na farko, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Dattijon da ke yabon 404 sau da yawa ƙuruciyarsa yake yabo, da zamanin da albashi ke kai wata. Sa'an nan motocin dā da muke gani yau muna cewa dubi ƙarko, su ne 'yan ƙalilan da suka tsira. Dubban 'yan'uwansu da suka ruɓe tun tuni ba sa nan balle su ba da shaida.

Na biyu, kuma shi ne mafi nauyi, maganar rai. Kirarin nan da ake yi wa motar dā cewa ƙarfenta ba ya lanƙwashewa, in an duba da kyau zagi ne. Masu ƙera motar zamani da gangan suke sa gabanta ya murƙushe in an yi karo, don ƙarfen ya shanye dukan kafin ya isa ga mutanen da ke ciki. In ƙarfe ya ƙi lanƙwashewa, ƙirjin direba da kawunan fasinja ne za su karɓi dukan. Tsohuwar mota ba ta da jakar iskar nan mai fitowa ta tare mutum, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa a kan santsi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake cusa mutum tara ko goma a cikin Fijo mai dogon bodi, a ɗaura buhuna a bisa, a kama hanyar Kano da gudu, ba zai yi ɗokin komawa wannan zamani ba. Yawan rayukan da ake asara a kan hanyoyi ne ma ya sa gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988. Na uku, shan mai. Kabireta ba ta iya tsimi ba. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba a farashin gwamnati. Cikin 'yan kwanaki ta koma wajen Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Wannan ya kwantar da tsofaffin motoci fiye da yadda tsatsa ta kwantar da su. Ga hayaƙi kuma, wanda mazauna bakin titi ke shaƙa ba su ci ba ba su sha ba.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a dawo da 504 tasha ta ci gaba da lodin fasinja a babbar hanya. Idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Wurin da tsohuwar mota ta cancanci ta ci gaba da aiki shi ne hanyar gona da kasuwar ƙauye, inda ba a gudu, inda kuma sauƙin gyara ya fi komai muhimmanci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mun ci gaba don mun bar ta. Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, masana'antun nan suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya, gwanjo ya cika ƙasa. Mun bar tsohuwar da muka sani ciki da waje, muka rungumi tsohuwar wani wadda ba mu san abin da ta gani ba. Wannan musaya ce da talauci ya tilasta mana.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne inda ragowar waɗannan motoci suke tafiya. 'Yan gwangwan suna bi gari-gari, ƙauye-ƙauye, suna sayen duk wani abu da maganaɗisu ke kamawa. In maigida ya rasu, magada suka zo rabon gado, tsohuwar motar da ke kwance a ƙofar gida kaji na ƙwai a ciki ita ce ta farko da ake rabuwa da ita. A kawo masu yankan ƙarfe su daddatsa ta, a ɗora a sikeli a biya da kilo, a loda a tirela a kai inda za a narkar. Ba na ganin laifin magada, don marayu ba sa cin tarihi, haka kuma ɗan gwangwan sana'arsa yake yi. Laifin na masu hali ne da hukumomi. Motar da aka harbi Janar Murtala a cikinta tana nan a gidan tarihi na ƙasa a Ikko da ramukan harsasai a jikinta, duk ɗan makarantar da ya tsaya gabanta ya fahimci abin da shafi goma na littafi ba zai fahimtar da shi ba. Mutanen Haɗeja ba baƙi ba ne wajen riƙon tarihi, har yau ba su manta da Sarki Muhammadu da jarumawan da suka faɗi tare da shi a yaƙin Turawa na 1906 ba. Garin da ya iya adana takobi da sulke da sirdi ba zai kasa samun rumfa ɗaya ba da za a ajiye motar kaya guda daga cikin waɗanda suka yi jigilar gyaɗa zuwa Malam Madori, da Land Rover guda ta zamanin En'e, da 504 guda ƙirar Kaduna. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin gari, ga Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa. Inji ɗaya na 504 da aka kwance aka baje a gaban ɗalibai darasi ne da babu allon da zai koyar da shi.

Yanzu sai in koma ga malamin nan nawa da na roƙa ya yi haƙuri. Mota ta shigo wa Hausa da kalmomi masu tarin yawa, kuma tsohuwar mota ce ta kawo su. A dubi yadda harshen ya sarrafa baƙin kalmomi ya daidaita su da tsarin gaɓarsa, ya cusa wasali a duk inda baƙaƙe suka cunkushe, ya ƙara wani a ƙarshe: fulogi, birki, sitiyari, sifirin, lagireto, salansa. A dubi kuma waɗanda Bahaushe ya ƙirƙira da kansa daga abin da idonsa ya gani, irin su a-kori-kura da gingimari da karen mota da baƙin mai. Wasu ma sun bar gareji sun shiga maganar yau da kullum. Mukan ce wane ba shi da birki, ko a taka masa birki, ko ya yi ribas a kan maganarsa, ko kuwa wane sai an tura. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin an tura mota ta tashi ba, ta yaya zai ji zaƙin wannan habaici? Ranar da kabireta ta ƙarshe ta shiga tukunyar narka ƙarfe, sunanta da sunayen ƙananan sassanta da makanikai suka laƙaba musu za su bi ta. Haka nan rubuce-rubucen da ake yi a goshi da bayan manyan motoci, na wa'azi da habaici da addu'a, da zanen zaki da dawisu a jikin katako, da kirarin da 'yan kamasho ke yi wa direbobi. Marigayi Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi waƙoƙi, kuma mai nazarin waɗannan waƙoƙi ba zai gane su sosai ba in bai san irin motocin da mutanen suka tuƙa da irin hanyoyin da suka bi ba.

Kowace shekara ɗalibanmu na ajin ƙarshe suna wahalar neman abin da za su rubuta kundi a kansa, wasu har su maimaita abin da aka tattake shekara da shekaru. Ga fage nan a buɗe. Tsofaffin direbobi da makanikai na Haɗeja da Malam Madori da Birniwa waɗanda suka yi aiki a shekarun 1960 da 1970 sun manyanta, kullum kuma raguwa suke. Ɗalibi ya ɗauki na'urar ɗaukar magana ya zauna da su, ya rubuta sunan kowane sashe na inji kamar yadda suke faɗa, ya tambayi yadda ake ratsa fadama da lodi kafin a yi kwalta, da inda ake kwana in ruwa ya tare hanya, da yadda yaro ke tashi daga karen mota ya zama direba.

Wanda kuma Allah ya sa akwai irin wannan mota a gidansu, in ba matsi ya kai matsi ba, ya dakata kafin ya kira mai sikeli. Ya ɗaga ta a kan duwatsu don tayoyi su huta, ya zuba baƙin mai ya riƙa juya injin lokaci-lokaci don kada ya kafe, ya rufe ta daga ruwa da rana. Ya nemo takardunta na asali ya adana, da rasiɗin saye in yana nan. In ma ya zama dole a sayar, to ya fara neman mai sha'awar da zai tashe ta, ya kuma ɗauki hotonta ta kowane gefe. Lambar da ke jikinta kada ya bari ta tafi da ƙarfen, musamman in irin ta dā ce mai farawa da KN, domin wannan lamba tun Haɗeja tana cikin Jihar Kano aka buga ta.